Sakin Layin da Na Yanke

Madabo, cikin birni.

Zuwa ga 'yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki. Ina roƙon Allah Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya tsare ki a hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can, Ya sa ki fara aikin nan a sa'a. Ummanku ta yi miki tata nasihar da baki, na jiyo wani ɓangare daga zaure. Ni kin san bakina bai iya irin wannan ba. Shekara talatin na yi ina gyara rubutun mutane a gidan jarida, har na saba ganin abin da ban sa a takarda ba kamar ban faɗe shi ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Kada ki bari sai a mota, ki zauna ki karanta ta tun a gida kafin ki tashi.

Ranar da kika karɓo takardar kama aiki kin gaya min cewa shugabar makarantar 'yan matan da aka tura ki, da ta ga harshe za ki koyar, ta ce ke za ki riƙa rubuta rahoton ƙarshen shekara da ake aika wa iyaye. Kika ce in ba ki tsofaffin rahotannin da na rubuta wa sakandaren unguwarmu, wadda ke da yayanki kuka yi, ki ga yadda ake tsara su. Na ce to, sannan na yi mako biyu ban ba ki ba. Kin zaci na manta. Ina sane. Ga su nan na ɗaure miki da zare, guda tara, ɗaya na kowace shekara da na yi ina sakataren kwamitin iyaye da malamai. Rubutun cikinsu tsaf yake, ba za ki sami harafi ɗaya a karkace ba. Sai dai ba na so ki ɗauke su abin koyi kafin ki san yadda aka yi su.

An zaɓe ni sakatare ne kawai domin ni ɗan jarida ne. Shugaban makarantar, Malam Tijjani, yakan tattara abin da malamai suka rubuto masa da hannu, ya ba ni wajen shafi goma, ni kuma in mayar da su shafi huɗu, wato babbar takarda ɗaya da ake ninkewa biyu. A ranar raba kyaututtuka ni nake miƙewa in karanta wa iyaye, sannan a ba kowane ɗalibi kwafi ya kai gida.

Ki fara da ƙaramin laifina. Ki shimfiɗa rahotannin a tabarma bisa jeri, ki buɗe shafi na uku na kowanne, inda aka sa burin makaranta na shekara mai zuwa. Za ki ga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a dukkansu. A na farko an aza harsashi. A na biyu da na uku aiki ya yi nisa. Daga na huɗu zuwa na ƙarshe ana dab da kammalawa, kalmomin kawai nake sauyawa don kada a ce na maimaita. A wata shekara, ina gama karatu, wata dattijuwa daga Dala, Hajiya Yalwa, ta ɗaga hannu daga ɓangaren mata ta ce, "Malam Bashari, jikana ya shigo makarantar nan ana dab da gama ɗakin nan, ga shi yau zai fita ana dab da gamawa. In kai ƙanensa wani wurin, ko shi ma ya zo ya taya ku jira?" Aka yi dariya, har da ni. Na rubuta tambayar a littafin taro, ban sa ta a rahoto ba.

Shawarata a nan gajera ce. Kafin ki rubuta burin bana, ki buɗe na bara, ki bi shi layi-layi, ki faɗa wa iyaye wanne aka yi, wanne ba a yi ba, da dalili. Idan shugabarki ta ce wannan zai zubar da mutuncin makaranta, ki tuna mata cewa iyaye suna wucewa ta jikin ginin, suna ganin ciyawa a inda ya kamata a ga rufi.

Yanzu ki ware na biyu a ɗaurin, mai hoton yara uku riƙe da kofin muhawara. Shi ne dalilin wasiƙar nan.

A aikin jarida akwai wata ƙa'ida da ake koya wa mutum tun makonsa na farko. Abu mafi muhimmanci a sama yake zama, mai bi masa a ƙasansa, haka har zuwa ƙarshe. Amfanin hakan shi ne idan wuri ya ƙare a shafi, mai gyara zai yanke daga ƙasa ba tare da ya tsaya karantawa ba. Hannuna ya yi wannan yankan sau dubbai. Abin da ban lura ba shi ne malamin makaranta ba haka yake rubutu ba. Yana rubutu ne kamar yadda muke zuwa gidan mutum da magana mai nauyi: a gaisa, a tambayi iyali, a yi godiya, a yi yabo, sai an kusa tashi a faɗi abin da ya kawo mutum.

A shekarar yayanki yana aji biyar. Na kai rubutun madaba'ar da ke gindin Dala, mai bugun ya tsara, ya ce min ya zarce shafi huɗu saboda hoton kofin ya ci wuri. Ko kallon takardar ban yi ba na ce ya yanke daga ƙasa. Washegari na koma duba bugun gwaji. Ina zaune ina jira, sai na ɗauki asalin rubutun hannun na karanta shafin ƙarshe, wanda aka yanke. Malam Auwalu ne ya rubuta shi, malamin lissafi mai kula da 'yan aji biyar na ɓangaren maza. Ya jera sunayen ɗalibai goma sha ɗaya waɗanda karatunsu ya yi rauni ƙwarai. Ya ce idan ba a tashi tsaye a dogon hutun nan ba, makaranta ba za ta yi musu rajistar jarrabawar kammala sakandare ba. Ya roƙi iyayensu su zo su same shi a makon farko na hutu, shi ya ɗauki alkawarin koyar da su kullum da safe. Suna na bakwai na yayanki ne.

Ba a fara bugawa ba tukuna. Mai madaba'ar ya ga na daɗe a kan shafin, ya ce, "A mayar da shi ne, Malam? In muka cire hoton kofin zai shiga daidai."

Na ce, "A bar shi yadda yake."

Ina so ki fahimci wannan sosai. Yankan farko kuskuren sabo ne, na biyu kuwa da idona a buɗe na yi shi. Na ba kaina hujja mai kyau a hanyar gida: bai dace a buga sunayen yara a bainar jama'a ba. Har yau ina ganin hujjar tana da ƙarfi. Amma da ita ce ta hana ni, da na koma wurin Malam Tijjani na ce a rubuta wa kowane uba takardarsa daban. Ban yi ba. Gaskiyar maganar, ni ne zan tsaya gaban mutanen Madabo da Dala da Dukawuya in karanta, sunana yana ƙasan takardar, kuma ban iya jure in karanto sunan ɗana a wannan jerin ba.

Ranar taro na karanta, aka tafa. Malam Tijjani ya riƙe hannuna ya ce na gyara musu shi fes. Ban san ko ya lura ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Malam Auwalu ne ya tare ni a bakin ƙofa da kwafi a hannu.

"Malam, ina sakin layina?"

"Wuri ne ya ƙare, Malam Auwalu."

Ya dubi hoton kofin, ya dube ni. "Wuri," ya ce. Ya juya ya tafi.

Daga baya na ji ya yi mako guda yana zuwa da safe yana zama a ajin da babu kowa. Ya riga ya gaya wa yaran cewa kiran iyayensu yana cikin rahoto. Da yaran suka duba suka ga babu, wane ne a cikinsu zai je ya kai ƙarar kansa gida? Kafin hutun ya ƙare aka yi wa Malam Auwalu canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma.

Saboda haka, Zulai, duk rubutun da malami ya miƙo miki, ki fara karanta shi daga ƙarshe. Idan wuri ya ƙare, ki cire hoto, ki cire godiya ga manyan baƙi, ki cire jawabin shugaba. Kada ki yanke wa malami layi sai kin same shi kin tambaye shi. Kuma duk ranar da kika ji wata kyakkyawar hujja ta zo miki da sauri a kan abin da zai sauƙaƙa miki rayuwa, ki ajiye alƙalami ki sake dubawa.

Kin san marigayi Malam Ila baduku na Dukawuya, wanda yake ɗinka mana takalman Salla. Ɗansa Sadi ne na uku a jerin. Malam Ila yana karanta ajami kamar ruwa, amma bai yi boko ba. Kwana biyu bayan taron ya zo zaurena bayan la'asar da rahoton a ninke cikin aljihu.

"Ɗan jarida, karanto min. Sadi ya ce an yabe su, amma ni yabon da ya fito daga bakin Sadi sai an sake auna min shi."

Na karanta masa tun daga farko har ƙarshe. Yana gyaɗa kai a wurin kofin muhawara, ya yi tsaki a wurin ɗakin kimiyya.

"Babu sunan nawa a masu kyauta?"

"Babu."

"To a masu laifi fa?"

Na ce, "Babu irin wannan shafin, Malam Ila."

"Alhamdu lillahi! Yana tsakiya ke nan, kamar ubansa. Mu dai ba mu taɓa cin kofi ba, ba a kuma taɓa kiran mu gaban alƙali ba." Ya yi dariya, ya sa min albarka, ya ce Allah Ya bar musu ni, da babu irina a unguwa da sai a yi ta rufe su.

Ina da bakin da zan ce masa ya je ya ga Malam Auwalu gobe da safe. Amma in na faɗa, zai tambaye ni yadda na sani. Ya tafi yana murna. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ina sahun gaba a jana'izarsa, bai taɓa sanin komai ba.

A inda za ki, yawancin iyayen ɗalibanki wani ne zai karanta musu abin da kika rubuta, ko a tsakar gida ko daga wayar wani maƙwabci. Ba za su iya komawa baya su gane inda aka tsallake ba. Abin da kika ba su shi ne duk abin da suke da shi. Idan kin zauna rubutu, ki sa irin Malam Ila a gabanki, ki tambayi kanki abin da yake bukatar ya sani game da ɗansa kafin ya tashi. Shugabar makaranta da manyan baƙi suna da wasu hanyoyin samun labari.

Saura abin da na yi a cikin gida. Kin san gidanmu. Kakanninmu makiyaya ne, mun zauna a birni tun kafin a haifi kakana, shanu sun ƙare, amma alkunyar ɗan fari tana nan. Ba na kiran sunan yayanki, ba na zama in yi hira da shi, haka mahaifina ya yi da babban wanmu. Al'adar ba ta hana uba ya ceci ɗansa ba. Mahaifina, da ya ga wanmu zai lalace, nasa ƙanen, wato baffanmu, ya tura masa, aka zaunar da shi. Ni kuwa sai na shige bayan al'adar na ɓuya. Na ce a raina zan samo masa mai koyarwa a asirce. Na ce sai bayan mako guda, kada ya gane daga ina abin ya fito. Aka tura ni aiki wani gari, na dawo, hutu ya ƙare. Ko Ummanku ban gaya wa ba. Katin sakamakonsa kuwa a tsaye nake sa masa hannu a zaure, in ce a ƙara ƙoƙari, in miƙa masa ba tare da mun haɗa ido ba.

A zango na biyu na aji shida aka kafe sunayen waɗanda aka yi wa rajista. Ya dawo gida ya tsaya a bakin zaure da jakarsa, ya ce, "Baba, ba a sa sunana ba."

Na ce, "Ka ga abin da wasa yake jawowa."

A duk abin da na faɗa ko na rubuta a rayuwata, babu jimlar da nake jin nauyinta kamar wannan. An ce ya maimaita aji, ya ƙi. Ya koma wurin kawunku ya koyi gyaran injin adaidaita sahu. A cikin su goma sha ɗayan, biyu ne kawai suka zauna jarrabawar. Ki duba rahoto na uku, shafin farko, ki ga yadda na yabi sakamakon ɗaliban da suka zauna. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ban dai faɗi adadin waɗanda suka fara aji shida ba. Idan aka ba ki sakamakon jarrabawa ki sa a rahoto, ki nemi rajistar aji ta farkon shekara, ki ajiye su gefe da gefe, ki tambayi inda sauran suka tafi, ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai na juya kanki. Kin shiga makarantar shekarar da ya bar ta, kuma sunanki yana cikin rahoto shida a jere. Ni nake zaɓar hoto, ba sai na gaya miki dalilin da ya sa naki yake fitowa babba ba. Na riƙa manna su a bangon zaure, inda yayanki yake durƙusawa ya gaishe ni duk Juma'a. Ke ma ban bar ki kin huta ba. Na tuna zangon da kika zo ta uku a aji huɗu, kika shige ɗakin Ummanku kwana biyu kina cewa ciwon kai. Na san ba ciwon kai ba ne, na bar ki a haka domin na ga tsoron yana sa ki karatu. Ki yafe min wannan. Kuma ki sa ido a kan yarinyar da kullum take zuwa ta ɗaya a ajinki. Ki tambaye ta ko tana barci, ko tana cin abinci, ko akwai wanda take tsoron komawa wurinsa da lamba ta biyu.

Da kika nemi rahotannin nan na ɗauko su na karanta, sai na kasa ba ki. Ranar Laraba da hantsi na taka zuwa garejin yayanki. Shekara goma sha huɗu ke nan da yin abin, kuma ban taɓa zuwa wurin aikinsa ba. Na same shi a tsugune gaban wani inji da ya kwance. Ya miƙe da sauri yana goge hannu.

"Baba, lafiya? Umma ce?"

Na ce lafiya lau, magana ce. Ya jawo min benci, shi ya tsuguna. Na gaya masa komai kamar yadda na gaya miki, har da tambayar mai madaba'a da amsar da na ba shi. Yana sauraro yana juya wani ƙaramin ƙarfe a hannu. Da na gama ya ce, "Ai na sani, Baba."

Na ce tun yaushe.

"Tun a hutun. Malam Auwalu ya nuna min kwafin da ya rubuta da hannunsa. Ya ce kada in damu, babana ya gani, zai yi min magana. Shi ya sa hutun nan ko ƙwallo ban je ba. Kullum ina soro na biyu, in na ji ka shigo sai in gyara zama."

Na ce me ya hana shi faɗa min, duk tsawon shekarun nan.

"Baba, ni zan fara?"

Na roƙe shi ya yafe min. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Kin san wannan amsar. Ita ɗa yake bayarwa idan ba zai iya ce wa ubansa a'a ba, kuma zuciyarsa ba ta kai ga cewa e ba. Ban matsa masa ba, ba ni da wannan haƙƙin. Mai adaidaitar da yake gyara wa injin ya leƙo yana cewa rana tana yi, yayanki ya ce masa ya yi haƙuri, baƙo gare shi. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da abin hawa, ya riƙe min hannu na shiga. Sai da na zauna ya sunkuyo ya ce, a hankali, "Baba, mu goma sha ɗaya ne fa."

Na gaya wa Ummanku da na dawo. Har yau ajiye min abinci kawai take yi ta fita. Jiya na zauna na rubuta sunayen goman da suka rage, ban manta ko ɗaya ba. Na san gidajen shida. Ban je ko ɗaya ba tukuna, kuma ba zan yi miki alkawarin rana ba, domin kin ga abin da alkawarina na shafi na uku ya zama. Idan kin kira waya, ki tambaye ni gida nawa na shiga. Kada ki ji nauyina.

Allah Ya kiyaye hanyarki, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na zuciya, Ya ba ki lafiya da haƙurin zama da 'ya'yan mutane. Ya sa ki fi ni tsoronSa a kan abin da hannunki zai rubuta. Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa ki same mu da rai. Ki biya ta garejin ki yi wa yayanki sallama kafin ki wuce tasha.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bashari